Wuta a Cikin Gulbi

Zainulabidin yana durƙushe gaban wani injin sola da aka kawo gyara lokacin da ƙarnin kifi ya cika shagon. Ko kafin ya ɗago ya san wanda ya shigo. Labbo ne, yayansa uwa ɗaya uba ɗaya, masunci a tungarsu da ke ƙasa da Argungu, mutumin da ba ya taka Birnin Kebbi sai da dalili mai ƙarfi. Shi Zainu tun yana saurayi ya bar gulbi, ya koyi aikin wuta a hannun Nwachukwu mai shagon, har ya kai ga shi ake turawa fadamu ya haɗa wa manoman shinkafa injin ban ruwa.

Bayan sun gaisa, Labbo ya zazzage wani nannaɗaɗɗen abu daga buhu. Waya ce doguwa, robarta ta narke ta manne, wani wurin har jan ƙarfen ya fito fili ya yi baƙi.

"Wagga waya ta ishe ni," in ji Labbo. "Kullum sai ta ƙone. Ka nemo man mai kauri, wadda ba ta narkewa."

"Mi kaka jonawa gare ta, Yaya?"

"Injin ban ruwa mana. Na gonar Inna."

Zainu ya juya wayar a hannunsa. Shi ya haɗa wannan injin da kansa, shi ya saya musu janaretan da ke ba shi wuta, kuma ya auna shi da mita ranar da ya haɗa. Janaretan yana ba da bolt ɗari biyu da ashirin, injin yana jan amfiya huɗu. In aka ninka, wat ɗari takwas da tamanin ke nan, abin da wannan waya za ta wuni tana ɗauka ko ɗumi ba ta yi ba. Kafin roba irin wannan ta narke, sai an ja amfiya goma sha biyar ko fiye.

Ya faɗa wa yayansa haka, yana lissafin a fili. "Ɗari biyu da ashirin sau goma sha biyar, wat dubu uku da ɗari uku. Ya kusa cinye ƙarfin janaretan duka. In kuma ka raba bolt ɗin da amfiyar, za ka ga turjiyar abin da ke ƙarshen wayar, wato yadda yake tare wuta kada ta wuce. Injin Inna shina da om hamsin da biyar. Wanga abu naka bai kai goma sha biyar ba. Ba inji ba ne, Yaya. Hanya ce buɗaɗɗiya wuta ta samu."

Zainu ya bi wayar da yatsa har ƙarshenta. A cikin robar da ta narke akwai busasshen taɓo, da ɓawon kifi guda biyu sun maƙale.

"Cikin gulbi kaka sa ta, wuta na kashe maka kifi," in ji Zainu.

"To, sai mi?" Labbo ya ɗaga murya. "Ka san rabon da in jefa koma in cika kwando da kifi? Ruwa ya janye, kifi ya yi nisa, ɗiya na gida suna kallona. Da wagga waya, kafin hantsi na cika jirgi. Kai kana nan cikin inuwa ƙarƙashin fanka."

Zainu ya jawo mitarsa, ya miƙa masa tsinkayenta biyu. "Riƙe, ɗaya a kowane hannu." Labbo ya riƙe da fushi. Mitar ta nuna om dubu ɗari biyu. Zainu ya ɗauko buta ya jiƙa masa hannuwa, ya ce ya sake riƙewa. Lambar ta faɗo ƙasa warwas.

"Ka gani? Yatsu kawai munka jiƙa. Mutumin da ke tsaye cikin gulbi har ƙirji, turjiyar jikinai ba ta wuce om dubu ɗaya. Raba ɗari biyu da ashirin da dubu, ya fi kashi biyu cikin goma na amfiya. Kashi ɗaya kawai ya isa shi tsai da zuciyar ƙato. Mata na wanki a gulbin nan. Yara na wanka."

Labbo ya yi jifa da mitar, ta bugi bango ta tarwatse. Ya shaƙo wuyan rigar ƙanensa ya haɗa shi da kanta, kwalayen ƙwan fitila suka zubo a kansu. Nwachukwu ya taso daga bakin ƙofa da sauri, ya shiga tsakaninsu da ƙaton cikinsa.

"Malam Labbo, ba a shagona ba. Sake shi. Kuma waya ba zan sayar maka ba, ko taku ɗaya."

Labbo ya saki, ya tattara buhunsa. Daga bakin ƙofa ya juyo ya ce kasuwa ba ta ƙare a shagon nan ba. Gaskiya ya faɗa, domin a layi na gaba ya samu mai kauri ya saya.

Zainu ya kira Inna Kulsumi, mahaifiyarsu, ya roƙe ta ta sa a ɗauke janaretan daga hannun Labbo. Ta ce za ta yi magana. Ta yi, Labbo ya ce to, ya ci gaba da abinsa. Zainu ya yi niyyar zuwa da kansa ya kwance janaretan, amma aiki ya riƙe shi a Augie, rani ya kama, kowa na son injinsa ya tashi.

Inna ce ta kira shi wata safiya. Ta ce masuntan tsallake sun wayi gari sun ga gaɓarsu ta yi fari fat da ƙananan kifi matattu, 'ya'yan ƙarfasa da na tarwaɗa waɗanda ko yatsa ba su kai ba. Sun kai ƙara wurin dattawa, an ja wa Labbo kunne, bai ji ba. Yau sun rantse in ya sake shiga ruwa da injin nan, sai sun nutsar da shi da jirginsa. Kuma Tamba ne a gabansu.

Wannan sunan ne ya sa Zainu ya ajiye abin da ke hannunsa. Tamba mijin ƙanwarsu Ɗayyaba ne, abokin Labbo tun suna yara, tare suka koyi iyo.

Ya hau motar Argungu, daga tasha ya ɗauki kabu-kabu. Tun kafin su kai tunga ya fara jin hayaniya daga gulbi, a ƙarƙashinta kuma ƙarar janareta. Ya diro tun babur bai gama tsayawa ba, ya ruga ta cikin gonakin albasa.

Jirgin Labbo yana tsakiyar ruwa, inda zurfin bai wuce ƙirjin mutum ba saboda rani. Sunusi, abokin sana'arsa, yana baya da sandar tuƙi. Janaretan yana tsakiya yana aiki. Labbo yana tsaye a gaba, riƙe da doguwar gora wadda aka ɗaura wa zoben ƙarfe a baki, waya ta bi jikinta. Ɗaya wayar tana ja a ƙarƙashin jirgin. Ya ɗaga zoben sama da ruwa. Muddin bai taɓa ruwa ba, babu abin da zai faru.

A gaɓar tsallake maza sun fi talatin, da filafilai da adduna da masun kifi. Wasu sun riga sun shiga ruwa zuwa gwiwa sun tsaya. Mutum ɗaya ne bai tsaya ba. Tamba yana ta kutsawa, ba riga a jikinsa, ba komai a hannunsa.

"Koma baya, Tamba!" Labbo ya yi tsawa. "Wallahi in ka matso zan tsoma ta!"

"Tsoma," in ji Tamba, ruwa ya kai masa ciki. "In ga yadda za ka shiga gidan Inna ka ce mata ka kashe uban jikokinta. Kashe injin nan, Labbo. Ka ƙare muna kifin bana, kana son ka ƙare na baɗi."

Zainu ya kwala kiran yayansa, amma ƙarar janareta ta danne muryarsa. Ya ga wani ƙaramin jirgi a ɗaure a gaɓa, ya kwance shi, ya faɗa ciki, ya ɗauki filafili. Shekaru da yawa bai tuƙa ba, jirgin ya yi ta karkacewa, yana zagin kansa yana bugun ruwa.

Ganin Tamba ya kusa, sauran suka yi ƙarfin hali suka biyo shi. Wani daga gaɓa ya wurgo dutse, ya sami Sunusi a goshi, jini ya wanke masa fuska. Ya saki sandar, jirgin ya juya. Tamba ya miƙa hannu ya kama bakinsa. Dutse na biyu ya fasa wa Labbo leɓe.

Zainu yana kallo lokacin da yayansa ya tofar da jini, ya dubi mutanen da ke tahowa, ya danna zoben cikin ruwa.

Muryar janaretan ta canza nan take, ta yi nauyi kamar ana shaƙe shi. Tamba ya sandare. Kansa ya lanƙwashe baya, jijiyoyin wuyansa suka mimmiƙe, haƙoransa suka datse harshensa. Hannun da ya riƙe jirgi ya ƙi saki. Ko ihu bai iya yi ba. Mutum biyu da ke bayansa suka yi ƙara suka faɗi suna shure-shure, na nesa suka ja su suka gudu gaɓa. Kifaye suka fara tasowa ciki sama kewaye da ƙirjin Tamba.

"Ɗaga ta! Yaya, ɗaga ta!"

Labbo bai ɗaga ba. Idanunsa a buɗe suke, amma ba ya ganin kowa.

Jirgin Zainu ya daki nasu. Ya miƙe, ya ɗaga filafili da hannu biyu, ya sauke shi a kan damtsen yayansa da dukan ƙarfinsa. Ya ji ƙashin ya karye. Labbo ya yi ruri ya zube a cikin jirgi, gorar ta suɓuce, amma zoben ya ƙara nutsewa. Ƙasan jirgin duk ruwa ne, kuma waya a kwance a ciki, Zainu bai yarda ya taka ba. Ya juya filafilin ta wajen busasshiyar ƙotarsa, ya miƙa, ya dinga zungurar makunnin janaretan. Ya kuskure, ya sake kuskurewa. Ya daki wayar fulogi ta fita. Injin ya yi tari ya mutu.

Hannun Tamba ya saki jirgin, ya sulale ƙarƙashin ruwa.

Zainu ya faɗa, ya lalubo shi da gashi, ya tallafo haɓarsa, ya ja shi zuwa wani tudun yashi da ke kusa. Jikin ya yi nauyi kamar buhun shinkafa jiƙaƙƙe. Ya kwantar da shi, ya sa kunne a bakinsa. Ba numfashi. Leɓunansa sun fara yin baƙi.

Nwachukwu ya taɓa tilasta wa duk ma'aikatansa koyon abin da ake yi wa wanda wuta ta kama, bayan wani ya kusa mutuwa a kan tsani a gabansu. Zainu ya share jinin bakin Tamba, ya ɗaga masa haɓa, ya hura masa iska. Ya haɗa tafukansa a tsakiyar ƙirjin ya fara dannawa.

A bayansa mutanen tsallake suka dawo ruwa, yanzu ba abin da ke tsare su. Wani ya yi ihu cewa an kashe Tamba, maganar ta bi bakin kowa. Sunusi ya yi tsalle ya yi iyo ya tsere ta cikin ciyawa. Suka kife jirgin, janaretan ya nutse. Suka jawo Labbo da ƙafa zuwa gaɓa, karyayyen hannunsa yana reto.

Zainu yana jin komai. Ƙarar filafili a kan ƙashi daban take da ƙararsa a kan nama, kuma duk biyun yana ji. Ya ji Labbo yana zagi, sannan yana roƙo, sannan ya fara kiran suna ɗaya.

"Zainu! Zainu!"

Hannuwansa suka tsaya. Ya waiga. Bai ga yayansa ba, sai bayan mutane da sanduna suna hawa suna sauka. Tsakaninsu ruwa ne ɗan kaɗan, zai iya ƙetarewa. Ya dubi fuskar da ke ƙarƙashinsa. An gaya musu in ka fara kada ka tsaya, in ka tsaya ka bar gawa. Ya mayar da tafukansa. Wani haƙarƙari ya karye ƙaras a ƙarƙashin hannunsa, bai daina ba. Yana dannawa yana kuka, yana hurawa, yana cewa, "Tashi, don Allah tashi, Tamba."

Kiran ya rage ƙarfi. Daga baya ya daina.

Tamba ya yi wani irin gurnani, ruwa da jini suka fito ta hancinsa, ƙirjinsa ya ɗaga da kansa. Zainu ya juya shi gefe, ya tabbata numfashin ya ɗore, sannan ya faɗa ruwa da gudu yana ihu.

"Shina da rai! Tamba bai mutu ba! Ku bar shi!"

Ba wanda ya ji. Ya kutsa tsakanin ƙafafu, ya faɗa kan yayansa ya rufe shi da jikinsa. Sanda ta sauka a gadon bayansa, wata a ƙeyarsa. Ya ɗaga hannu ya kare kai, adda ta same shi a tafi, ta tsaga tsakanin yatsu har kusa da wuyan hannu. Wani dattijo ne ya gane shi, ya yi tsawa cewa wannan ne ya kashe injin, ku dubi tudun yashi. Suka duba. Tamba yana kwance a gefe yana tari.

Sandunan suka sauka ɗaya bayan ɗaya. Mutanen suka ja baya suna haki, ba mai kallon ɗan'uwansa. Wasu suka jefar da abin da ke hannunsu a ruwa suka bi ta gonaki.

Fuskar Labbo ba ta ganuwa. Yana numfashi, amma kowane numfashi da kumfar jini yake fitowa. Aka samo motar ɗaukar albasa, aka shimfiɗa shi da Tamba gefe da gefe a kan buhuna, Zainu a tsakaninsu da hannu naɗe da rawanin dattijon. A asibitin Argungu aka karɓi Tamba, aka ce Labbo sai Birnin Kebbi. Ba su kai rabin hanya ba ya cika, kansa a kan cinyar ƙanensa. Bai sake buɗe ido ba.

'Yan sanda sun kwashe mutum da yawa daga tsallake, sun saki wasu, sun riƙe wasu. Sunusi ya bar garin. An ɗinke hannun Zainu, amma likita ya gaya masa yatsu biyu ba za su ƙara lanƙwasawa ba.

Ana zaman makoki Ɗayyaba ta zo. Ta tsaya a tsakar gida da goyo, ta kasa ƙarasawa wurin Riskuwa, matar Labbo, wadda ke zaune fuskarta a bango. Ta durƙusa gaban Inna Kulsumi ta ce mijinta yana waje, an sallame shi daga asibiti, yana neman izinin ya shigo ya yi ta'aziyya.

Tsohuwar ta ce a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a kai masa ruwa, amma kada ya shigo, ba ta iya ganinsa yanzu ba. Ɗayyaba ta tashi ta fita tana share ido.

Inna ta juyo ga Zainu, wanda ke zaune a bakin ƙofar ɗakinta da hannu a rataye.

"An ce man shina kiranka."

"Ya kira ni, Inna."

"Ka ji shi?"

"Na ji."

Ta dube shi har ya sunkuyar da kai. Ya jira ta zage shi ko ta kore shi, ya ma fi son ta yi. Sai ta jawo ƙwaryar furar da aka kawo mata tun safe ba ta taɓa ba, ta tura gabansa.

"Sha. Tun jiya ban ga ka ci komi ba. In ka gama ka tahi zaure ka zauna da mijin ƙanwarka, kada a bar shi shi kaɗai mutane na kallo nai."

Zainu ya ɗauki ludayin da hannun hagu, ya sha abin da ya iya. Ya tashi ya fita. Tamba yana jingine da bango, ƙirjinsa a ɗaure, muryarsa ba ta fita sosai saboda harshen da ya datse. Ya yi ƙoƙarin miƙewa, Zainu ya ce ya zauna. Ya zauna kusa da shi a kan tabarmar, masu ta'aziyya suna shigowa suna miƙa musu hannu su biyun.